Waiwaye Adon Tafiya: Tarihin Rancen Gwamnati Ga Masu Ƙananan Sana'o'i Da Darasinsa Ga Garinmu

Gabatarwa

 

Babu wani daga cikinmu da 'yan uwa na gida ba su taɓa tunkararsa da maganar jari ba. Tela na son ƙarin keke, maƙeri na son injin walda, mai niƙa na son sabon inji, uwargida mai ƙuli-ƙuli na son sayen gyaɗa da kaka kafin ta yi tsada. Sau da yawa mukan taimaka da abin da ya sawwaƙa, sannan mu ce gwamnati ce ya kamata ta ba da rance. Amma gwamnati ta shafe fiye da shekaru 70 tana ba da rance ƙarƙashin sunaye daban-daban, kuma har yau kukan bai sauya ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin waɗannan tsare-tsare ɗaya bayan ɗaya. Abin da za mu gani shi ne, sau da yawa akan samu kuɗin, amma a rasa wanda ya san mai karɓar bashi, wanda zai tsaya masa, ya kuma bi shi har ya biya.

Kafin Zuwan Banki

Kakanninmu sun san bashi tun kafin su ga banki, domin kuwa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da yawansu da jarin wasu suke tafiya. Attajiri kan ba yaronsa kaya ko kuɗi, ya bi ayari ƙarƙashin madugu, bayan watanni ya dawo a yi lissafi a raba riba. Wannan shi ne ƙiradi da malamanmu suka karantar a littattafan fiƙihu. Mata kuma suna da adashi, inda uwar adashi ke tattara zubi ta ba mai kwasa, kuma ta san halin kowace mai zubi da gidan da ta fito.

A zangunan Kudu ma haka abin yake. Wani masani mai suna Abner Cohen ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan, ya wallafa littafinsa a 1969. Ya nuna yadda ake sayar da shanun Arewa bashi ga mahautan Yarbawa, ba takarda ba jingina. Mai shanu baƙo ne, bai san mahauci ba. Maigidan da ya sauke shi ne ya san mahautan ta hanyar dillalansa, ya san wanda ke biya da wanda ke taurin bashi, kuma idan mahauci ya gaza, maigida ne zai biya daga aljihunsa don kare sunansa. A taƙaice, lamuni ne ke riƙe da cinikin gaba ɗaya.

Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, kamfanonin Turawa ba su san manoma ba. Sai suka riƙa ba manyan 'yan kasuwa kuɗi, irin su Alhaji Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955, su kuma su rarraba wa yaransu da ke shiga ƙauyuka. Kowane mataki na wannan sarƙa, mai bayarwa ya san mai karɓa. Ba mu ce tsarin ba shi da aibi ba. Manomin da ya ci bashi da damina ya biya da kaka kan sha wuya, wasu ma gonakinsu sun tafi a jingina. Sai dai kuɗin kan dawo, shi ya sa ake sake bayarwa.

Zamanin Turawa Da Jihar Arewa

Gwamnati ta fara shiga harkar ne da dokar ƙungiyoyin gama-kai ta 1935. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa hukumomin sayen amfanin gona, na gyaɗa da auduga a 1949. Waɗannan hukumomi kan sayi amfani a hannun manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya, su tara rarar. Daga wannan rara aka samu kuɗin hukumomin raya ƙasa da ba da rance na Jihar Arewa, waɗanda aka haɗe a 1956 suka zama hukuma guda, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama kamfanin NNDC na Kaduna. A zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, aka kafa Bankin Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, domin ɗan kasuwar Arewa ya sami bankin da ke jin harshensa.

Ya kamata mu lura da abu biyu a nan. Na farko, kuɗin da aka ranta wa jama'a guminsu ne, na manoman gyaɗa da auduga irin iyayenmu. Na biyu, tun a wancan lokaci aka fara ganin cutar da ta bi kowane tsari daga baya. Rance ya fi sauƙin samuwa ga mai uwa a gindin murhu, kuma wanda ya samu ta hanyar siyasa yakan ɗauke shi a matsayin ladan biyayya. Jami'in da ke zaune a Kaduna ba shi da hanyar sanin ko mai neman kuɗin sayen babbar mota zai saya, ko kuwa aure zai ƙara.

Shekarun Arzikin Man Fetur

Bayan yaƙin basasa kuɗin fetur ya shigo, gwamnatin tarayya ta buɗe bankuna nata. A 1973 aka kafa Bankin Manoma mai hedikwata a Kaduna, da bankin kasuwanci da masana'antu na NBCI. A 1977 Babban Bankin Nijeriya ya tilasta wa bankunan kasuwanci buɗe rassa a karkara, rassa 200 a zagayen farko. A wannan shekara ce kuma aka yi dokar Asusun Lamunin Rancen Noma, wanda ya fara aiki a 1978 da jarin naira miliyan 100, kashi 60 cikin 100 daga gwamnatin tarayya, kashi 40 daga Babban Banki.

Wannan asusu ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya bambanta da saura. Gwamnati ba ta raba kuɗi da hannunta. Banki ne ke ba manomi rance da kuɗinsa, ita kuma gwamnati ta yi alkawarin biyan har kashi 75 cikin 100 na abin da ya maƙale idan manomi ya gaza. Wato gwamnati ta ɗauki matsayin maigidan zango. Tsarin ya daɗe fiye da takwarorinsa, har aka ƙara masa jari a 2001 da kuma 2019. Amma ya gamu da cikas biyu. Bankuna sun yi ta kukan jinkirin biyansu idan bashi ya maƙale, wanda ya sanyaya musu gwiwa. Sannan ga maganar jingina: dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, ta kuma sa sai da amincewar hukuma ake jinginar da fili. Mutumin da ya gaji gona tun kaka da kakanni, amma ba shi da takardar mallaka, a idon banki ba shi da komai. Su kuwa rassan karkara, da yawansu sun zama wurin tattara ajiyar mutanen ƙauye a kai birni a ranta wa wasu.

Zamanin Tsuke Bakin Aljihu

Da farashin fetur ya faɗi, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986. Naira ta karye, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata. Don rage raɗaɗi aka kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE, wadda ta riƙa ba matasa horo da ɗan jari, da asusun NERFUND a 1989 don matsakaitan masana'antu. A 1989 ɗin kuma aka buɗe Bankin Talakawa, wanda aka kwaikwayo daga bankin Grameen na ƙasar Bangaladash. Manufarsa ita ce a ba mai ƙaramar sana'a ɗan rance ba tare da jingina ba, 'yan ƙungiyarsa su tsaya masa. Niyya ta yi kyau, amma a Bangaladash ma'aikacin banki kan zauna da masu bashi kowane mako, alhali a nan an yi gaggawar buɗe rassa ko'ina kafin a horar da masu bin bashi. Shugaban bankin na farko, Tai Solarin, ya yi murabus yana kukan almundahana a cikin bankin.

Tsarin da ya fi shafar ƙungiyoyi irin tamu shi ne na Bankunan Al'umma. An buɗe na farko, mai suna Alheri, a Tudun Wadar Kaduna a watan Disamba na 1990. Ƙa'idar ita ce mutanen gari su tara aƙalla naira 250,000, ƙungiyar ci gaban garin ta riƙe kaso mai tsoka na hannun jari, a kuma taƙaita abin da mutum ɗaya zai mallaka, sannan gwamnati ta ƙara musu da rance. Hikimar ita ce da ɗan gari akan ci gari: mutanen gari sun san mai gaskiya, kuma mutuncin mutum zai tsaya a madadin jingina. Cikin 'yan shekaru bankunan suka haura 1,000 a faɗin ƙasa, amma mafi yawansu a Kudu suke, inda ƙungiyoyin gari suka daɗe da ƙarfi. A Arewa garuruwa da dama ba su kafa ba, saboda ƙyamar kuɗin ruwa da kuma rashin haɗin kai. Waɗanda aka kafa kuma, da yawa sun durƙushe saboda daraktoci sun ranta wa kansu da 'yan uwansu, ga rashin ƙwararrun ma'aikata, ga rikicin bankuna na tsakiyar shekarun 1990 da ya cinye ajiyar da suka yi a manyan bankuna. A 1997 aka ƙara da shirin FEAP na tallafa wa iyali, shi ma bai yi tsawon rai ba.

Daga 1999 Zuwa Yau

Gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta tarar da tarin hukumomi masu bin bashin da ba ya karɓuwa. A 2000 ta haɗe Bankin Manoma da Bankin Talakawa da FEAP wuri guda, a 2001 kuma ta haɗe NBCI da bankin raya masana'antu na NIDB ƙarƙashin sabon Bankin Masana'antu. A 2001 ɗin bankuna suka amince su riƙa ware kashi 10 cikin 100 na ribarsu don sayen hannun jari a ƙananan kamfanoni. Kuɗi sun taru, amma aka rasa masu karɓa, domin sharaɗin shi ne kamfani mai rajista da littafin lissafi tsararre, ga shi kuma ɗan kasuwarmu ba ya son baƙo ya shigo masa cikin dukiya. A 2003 aka kafa hukumar SMEDAN don kula da ƙananan sana'o'i.

Gyaran bankuna na 2004 zuwa 2005 ya ɗaga jarin banki zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank. Manyan bankuna suka ƙara nisa da mai ƙaramar sana'a. A Disamba 2005 aka fito da tsarin ƙananan bankuna, aka ba Bankunan Al'umma wa'adin ƙarshen 2007 su tara naira miliyan 20 su sauya lasisi, ko su rufe. A 2010 Babban Banki ya soke lasisin 224 daga cikin waɗannan ƙananan bankuna a lokaci guda. A 2013 ya ware naira biliyan 220 don ƙananan sana'o'i, da sharaɗin kashi 60 cikin 100 na mata ne.

Mafi girman gwaji shi ne shirin Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Tsarinsa ya yi kama da na zamanin gyaɗa: a ba manomi iri da taki da magani, ya biya da amfanin gona ta hannun kamfanin da zai saya. An fitar da fiye da naira tiriliyan 1, kuma noman shinkafa ya bunƙasa a jihohi da dama. Amma da aka zo maganar biya sai lissafi ya rabu biyu. A 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka biya, Babban Banki ya ce kashi 52 ne. Ko da mun ɗauki na Babban Banki, kusan rabin kuɗin bai dawo ba a lokacin. Ambaliya da rashin tsaro sun taka rawa, haka nan jinkirin kai kayan noma. Sai dai kowa ya san an cusa sunayen waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba, kuma da yawa sun ɗauki kuɗin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. A ƙarshen 2023 sabon shugabancin Babban Banki ya dakatar da karɓar sababbin buƙatu na irin waɗannan rance. Wanda ya ƙi biya ya rufe ƙofa ga ƙaninsa.

Darussan Da Ke Ciki

Idan muka jera waɗannan shekaru gaba ɗaya, darussa huɗu ne ke fitowa fili.

Na farko, rancen da ɗan siyasa ya raba da hannunsa, musamman gab da zaɓe, ba ya dawowa. Gara gwamnati ta tsaya a matsayin mai lamuni, ta bar mai kuɗi ya tantance wanda zai ba, ta kuma biya da wuri idan aka yi asara ta gaskiya.

Na biyu, sauya suna ba ya maganin cuta. Kowace gwamnati kan binne shirin wadda ta gada ta haifi nata, tare da binne sunayen waɗanda suka ci bashi. Lambar BVN da aka fara a 2014, da dokar tattara bayanan masu bashi ta 2017, sun fara toshe wannan kafa, domin yanzu tarihin biyan mutum na binsa duk bankin da ya je.

Na uku, sharaɗin jingina da fili ya kori mafi yawan mutanenmu. A nan ma an sami sauyi: an buɗe rajistar kadarorin jingina ta ƙasa a 2016, aka kuma yi mata doka a 2017, wadda ta ba da damar jinginar da inji, ko dabbobi, ko kayan shago. Da yawa daga cikin masu sana'a a gida ba su ma ji labarin wannan doka ba.

Na huɗu, tsarin da bai kula da addinin mutane ba zai bar su a baya. Dubban mutanenmu sun ƙaurace wa rance saboda tsoron riba, kuma suna da hujja. Tun da Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suka biyo baya, wannan uzuri ya ragu. Ana iya saya wa tela keke a sayar masa da riba sananniya ya biya kaɗan-kaɗan, ko a ba shi haya har ya mallaka.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu jami'in Abuja da zai san masu sana'ar garinmu kamar yadda muka san su, kuma babu bankin da zai saurare su ɗaya-ɗaya kamar yadda zai saurari ƙungiya mai rajista da asusu. Gurbin maigidan zango, wanda tsare-tsaren gwamnati suka yi ta rasawa, mu ne za mu iya cike shi. Saboda haka muna ba babban taron ƙungiya waɗannan shawarwari.

A fara da ƙidayar masu sana'a unguwa-unguwa, maza da mata, tare da taimakon masu unguwanni da shugabannin sana'a irin su sarkin maƙera da sarkin pawa. A taimaka musu su kafa ƙungiyoyin gama-kai masu rajista, su buɗe asusu, su fara da adashinsu na kansu na aƙalla shekara guda, domin wanda ya riƙe amanar zubi shi ne zai riƙe amanar rance. 'Ya'yanmu akantoci da ma'aikatan banki da lauyoyi su ba da lokacinsu kyauta wajen koyar da rubuta shiga da fita da cike takardu.

Sannan mu mazauna birni mu tara asusun lamuni, a ajiye shi a bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya zama garkuwa ga rancen da za a ba 'yan gida. Kada a raba wannan kuɗi, kuma kada shugaban ƙungiya ko iyalinsa su ci gajiyarsa muddin yana kan kujera, domin abin da ya kashe Bankunan Al'umma ke nan. A rubuta kowane bashi da shaidu, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, ta yi umarni. A riƙa karanta lissafin asusun a babban taro, a kuma buga shi a wannan mujalla kowace shekara. Wanda annoba ta faɗa wa, kamar gobara ko ambaliya, a yi masa rangwame a fili. Wanda ya ƙi biya da gangan kuwa, a cire sunansa, ko ɗan wane ne.

Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna cewa kuɗin gyaɗa da na fetur da na Babban Banki duk sun zo sun wuce, amma tela da maƙeri da mai ƙuli-ƙuli suna nan inda aka bar su. Babu shakka wani sabon shiri zai sake zuwa da sabon suna. Garin da zai amfana shi ne wanda shirin ya tarar da mutanensa a tsare, da rajistarsu da lissafinsu da masu tsaya musu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon reshen kowane birni ya tattauna waɗannan shawarwari kafin babban taro mai zuwa, ya zo da sunayen waɗanda za su yi aikin da abin da zai iya zubawa.

Allah Ya albarkaci garinmu, Ya ji ƙan magabatanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya kuma ba mu ikon riƙe amana. Amin.